Gayyar yashe kwata: gida arba'in, mutum biyar suka fito

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na san wasu za su ji haushi, amma ta tsaya mini a wuya.

Shekarata 11 a Kano. Layinmu gida arba'in ne da 'yan kai. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidajenmu ta cushe tun bara: leda, robar lemo, yashi, har da wata tsohuwar katifa da ban san mai ita ba. Ruwan da aka yi daren Talatar makon jiya bai fi na awa guda ba, amma sai da ya shiga gida uku, ya jiƙa wa wata tsohuwa buhun masararta. Na ce to ga Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo, dama an hana zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli, kowa yana gida. Na rubuta a WhatsApp ɗin layin cewa a fito gayya bayan an karya. Sama da mutum ashirin suka amsa. "Allah ya ba da lada." "Muna tafe." "Wannan shawara ta yi."

Mu biyar muka fito. Ni, da mai shagon kan kwana, da wani mai gadi, da ɗan garuwar da ke kawo mana ruwa wanda ba ma a layin yake kwana ba, sai wani tela. Muna cikin kwata har gwiwa, samari na zaune kan dakali suna latsa waya. Ɗaya har ya ɗago ya ce mana sannunku da aiki. Da muka zauna shan iska na tambayi kowa garinsu. Mu huɗu a ƙauye muka tashi. Telan ne kaɗai haifaffen birni.

Ni a wani ƙauye na tashi a ƙasar Haɗejia. Ina ɗan shekara tara aka fara ɗora mini tulu ina bin masu gayya da ruwan sha. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce taimako abu ne mai kyau. Buɗe ido kawai na yi na ga idan za a ɗora jinka ana haɗuwa, idan an yi rasuwa kafin a gama wanka samari sun gama kabari, idan rijiya ta ja baya mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasa. Har yau ba na iya wuce mutum yana fama da kaya ban kama masa ba, jikina ne ba ya yarda.

Shi ne nake tambaya: tashi a ƙauye ne ke sa wa mutum wannan hali, ko son garinmu ne ya rufe mini ido?

Direban Tifa:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ka faɗa, Ɗan Fadama. Motata ta taɓa kafewa a wata hanyar ƙauye bayan Ɓaɓura da damina, kafin in gama zagaya ta mutum ya kai goma sha biyar sun fito da fartanya da kara. Na ba su kuɗin goro suka ƙi karɓa. A cikin gari kuwa sai an yi ciniki kafin a taɓa maka mota.

Bakanon Asali:
To fa, an fara. Duk abin da ya lalace a ce 'yan birni ne. Malam Ɗan Fadama, da girmanka, layinku ba birni ba ne, tasha ce. Gidajen haya ne, wannan ya shigo bana ya fita baɗi, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Kuma in aka bincika, rabin waɗanda suka ƙi fitowa su ma daga ƙauyen suka zo. Wa ya ce maka mai katifar nan ɗan cikin badala ne?

Ka shigo lungunan cikin gari ka gani. A unguwarmu in mace na naƙuda da tsakar dare ba a neman mai mota, buga ƙofa kawai ake yi. Makabartarmu duk shekara kafin ruwa ya sauka ana fita a cike kaburburan da suka rufta, a sare ciyawa. 'Yan sintirinmu 'ya'yan unguwa ne. Ita kanta ganuwar Kano da ake ta ɗaukar hoto a jikinta, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta wajen ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, da hannun jama'a aka yi ta, da hannunsu aka riƙa gyara ta. Da kwando aka ɗebo ƙasar nan. Su ma ƙauyawa ne?

Direban Tifa:
Ai da yawansu ƙauyawan ne aka kirawo, Bakano. Sarki ya ce a zo, wa ya isa ya ce yana da uzuri?

Bakanon Asali:
To ka ga kai ma ka faɗa da bakinka. Umarni ne, ba halin kirki ba.

Malam Mai Ritaya:
Ku dakata, 'ya'yana. Na koyar a firamaren ƙauye shekara 35, a ƙauyen aka haife ni, kuma na yi gayya da hannuna har ƙusoshina suka fita. Ina son Ɗan Fadama ya tuna yadda abin yake a zahiri, don nesa tana ƙara wa abu kyau.

A gidan gandu, yaro da ƙannensa da yayyensa duk gonar maigida suke yi daga safe zuwa azahar, sai da yamma kowa ya shiga gayaunarsa. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa yaro cewa ƙarfinsa ba nasa ne shi kaɗai ba. Amma in ruwa ya zauna, ciyawa ba ta jiran kowa. Noman farko da maimai kowa lokaci guda yake zuwa masa. Wanda gona ta fi ƙarfinsa sai ya kira gayya. Ba a tsaye a bakin hanya ake kiranta ba. Goro zai saya ya kai wa sarkin noma ko sarkin samari tun saura kwanaki, a sa rana, a bi gida gida a faɗa. Ranar aiki makaɗa su zo da gangar noma, a jera, kowa ya kama kunyarsa. Mai ganga na bin wanda ya yi gaba yana yi masa kirari, wanda aka bari a baya 'yan mata masu kawo fura su yi masa dariya har shekara ta zagayo ana tuna masa. Shi ya sa nakan ce kunya biyu ce ke riƙe da gayya, ta gona da ta ido.

Kuma bashi ce. Babu littafi, amma kowa ya san wanda ya zo gonar wa. Ka ƙi zuwa ta mutane sau biyu, ranar taka za ka ci tuwonka kai da makaɗa. Saurayin da ya tara abokansa suka nome gonar surukinsa, ba don Allah kaɗai ya yi ba, yarinya yake so.

Ban ce babu alheri a ciki ba. Akwai, mai yawa ma. Na ga an nome gonar makaho, an girbe, an ɗaure, an kai masa rumbu bai ba da ko ƙwayar goro ba. Abin da nake cewa shi ne mutumin ƙauye ba da wata zuciya ta daban aka haife shi ba. Wuri ne da kowa ya san ka, ya san ubanka, kuma gobe za ka buƙace shi.

In kana son shaida, je ƙauyen yanzu. Garmar shanu ta zo, maganin feshi ya zo, an raba gandu gado ya yanka gonaki ƙanana, samari sun tafi ci-rani sun zarce. Mai gona ya yi lissafi ya ga ciyar da mutum talatin ya fi biyan 'yan ƙwadago biyar tsada. Rabon da in ji gangar noma a garinmu har na manta. Ƙauyen yana nan, mutanen su ne, gayyar noma ce ta yi ƙaura.

Ɗan Fadama:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ba. Amma ko da bashi ne aka fara da shi, ai ya zama jiki. Ni yanzu a Kano wa zai nome mini gona? Ba na bin kowa, ba wanda ke bi na, amma na shiga kwatar.

Maman 'Yan Biyu:
Tun ɗazu nake karatu ina jira in ji an ambaci wanda ya dafa abincin, shiru. Baba Malam ya ce "'yan mata masu kawo fura", kamar daga sama furar take faɗowa.

Ni 'yar ƙauye ce daga ƙasar Malumfashi. In za a yi gayya a gidanmu, mu tun jajibere muke farawa. Sussuka, shiƙa, surfe, daka. Asuba ta fari an tashe mu ɗebo ruwa, rijiyar kuma ba kusa ba. Tuwon mutum arba'in a tukunyar ƙasa, hayaƙi na cin ido, hannu duk kanta. Sai mu ɗauka a ka mu kai gona da rana tsaka, mu dawo mu wanke kwanuka. Mazan sun tashi la'asar ana yi musu kirari, mu sai bayan isha muke zama. Ba wanda ya taɓa buga mana ganga.

Tamu gayyar da nake tunawa da daɗi ita ce daɓe. In za a kawo amarya, matan gari su taru a ɗakin, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, kowa da maɗaɓinta, ana bugawa a tare ana waƙa ana habaici. A nan na koyi yawancin abin da na sani game da zaman aure, wanda ya dace da wanda bai dace yarinya ta ji ba.

Amma ga abin da ya sa ba na son a riƙa yi wa ƙauye kwalliya. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyar, ya bar mu mata huɗu da ƙaramin namiji. Shekarar farko, wallahi mutane sun yi ƙoƙari, suka zo suka nome gonar tas ba su ci komai namu ba. Shekara ta biyu mutum bakwai suka zo, suka tashi kafin azahar. Ta uku ba wanda ya leƙo. Ba mu da namijin da zai rama musu. Ni da yayata muka shiga da fartanya, karatuna a nan ya tsaya, sai da na yi aure na koma makarantar manya. A wannan shekarar kuma ina jin gangar gayyar wani mai hali daga gonarmu, an yanka akuya, gari ya tafi kaf.

Yau in maƙwabciyata ta haihu, ko ba ma shiri, sai na shiga na dafa mata ruwa na yi mata wanki. Ban san ko shekarar farkon ce ta koya mini ko ta ukun ba.

Malam Mai Ritaya:
'Yata, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Allah ya jiƙan mahaifinki. Irin gidanku na gani ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ban cika ganin an yi gayya ta uku ba.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni nan Maraɗi ni ke, ku ba ni dama in sa baki, don mu abin ga mun gan shi ta wata fuska.

Da marigayi Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar cikin 1974, sai gwamnati ta ɗauko samariya, wato ƙungiyar samarin gari, wadda dama can akwai ta ga al'ada da sarkin samarinta, ta maishe ta tsari na ƙasa baki ɗaya. Kowace unguwa, kowane gari da tashi. Ni ina yaro na ishe ƙarshenta. Yayyenmu su ne sunka gina azuzuwan lakkwal, wato makarantar boko, na zana da na laka, sunka shuka itace, sunka share kasuwa da gidan likita. Da dare a taru gidan samariya a yi wasan kwaikwayo da kiɗi, har gasa ake tsakanin garuruwa. Birni da ƙauye duk ɗaya, ba a ce wanga ɗan birni ne a ƙyale shi ba.

To amma tun da gwamnati ta sa hannu, sai abin ya gauraye. Babban mutum zai zo, a ce samariya ta fito tarbo tun hantsi, a tsaya cikin rana ana taɓi. Wanda bai fito ba an san shi. Da siyasar jam'iyyu ta shigo bayan babban taron ƙasa na 1991, abin ya watse kamar ba a yi ba. Wasu sun ce dama tsoro ne ya riƙe ta. Ni dai abin da ni gani, dattawan da sunka yi samariya har yau su ne na farko wajen jana'iza da gyaran masallaci, kuma sun iya tsara aiki, wane ka kama nan, wane ka kama can. Ko da tsoro anka fara, hannu ya saba.

Bakanon Asali:
Mu ma ai tsaftar ƙarshen watan da Ɗan Fadama ke magana daga zamanin soja ta samo asali, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984. Da bulala aka fito da iyayenmu. Da aka ajiye bulalar sai ta koma ranar barcin safe da ƙwallo a kan titi.

Auta:
Ina neman afuwar iyayena da yayyena, amma bari in yi magana a madadin 'yan kan dakali, tunda ni ma a dakalin nake wuni.

Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan ba aiki. A unguwarmu mun taɓa haɗa ƙungiya, mu kusan ashirin, muka yashe kwatoci, muka cike wani rami da ke karya 'yan adaidaita, da kuɗin aljihunmu muka sayi shebur. Muna gamawa sai ga wani mai neman kujera da jama'arsa, ya karɓi shebur a hannuna, aka ɗauke shi hoto, ya shiga mota. Washegari muka gani a Facebook wai shi ya ɗauki nauyin aikin. An ce ya ba da wani abu, ya tsaya a hannun mutum biyu. Ƙungiyar ba ta ƙara zama ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan ina da tambaya. Ana karɓar haraji a shaguna da kasuwanni, akwai hukumar da aikinta ke nan. In mun ci gaba da yi musu aikinsu kyauta, yaushe za su fara yi? Kuma masu manyan gidajen da ke turo mana "Allah ya ba da lada", me ya hana 'ya'yansu fitowa? Ɗan talaka ne kawai aka halitta da shiga kwata?

Direban Tifa:
Ƙanena, tambayarka tana kan hanya, amma ruwa ba ya tambayar aikin wane ne kafin ya shigo ɗaki. A yashe, sannan a je a yi musu ƙorafin da ƙafa a bushe.

Auta:
Yaya, shekara nawa ana faɗin haka?

Ɗan Agaji:
Assalamu alaikum. Ni a Tudun Wadar Zariya aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba, gero ma sai a kasuwa na san shi. Ina ɗan shekara 14 wani maƙwabcinmu ya ja ni ya kai ni rundunar agaji ta masallacinmu. Gaskiya kakin ne ya ja ni da fareti. Da kuɗina na ɗinka, na tara daga kuɗin tara da ake ba ni in za ni makaranta. Aikina na farko gadin takalma ranar Juma'a da jera sahu. Daga nan aka koya mana ɗaure rauni, ɗaukar mara lafiya, yadda ake juya wanda ya suma. Duk rundunonin nan, na Jama'atu, na Fityanu, na Izala, a birane suka fi ƙarfi, kuma ba albashi ake ba kowa ba.

Abin da ya canja ni wani dare ne a asibiti. An kawo wani dattijo daga haɗarin mota, ba a san danginsa ba, ba waya a jikinsa. Shugabanmu ya ce kai za ka kwana da shi. Ina jin ƙyama, ina jin tsoro, ga warin magani. Na ba shi ruwa a cokali, na zubar masa da fitsari. Wajen asuba ya farfaɗo ya riƙe hannuna yana kira na da sunan wani, ina jin ɗansa ne. Kwana uku kafin 'yan'uwansa su zo. Tun daga ranar na daina ganin kakin a matsayin ado.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma kowa a zauren nan ya san hadisin, har da 'yan kan dakali. Sani bai fito da su ba. Ni abin da na lura, labarin Ɗan Fadama da tulunsa, da nawa da takalman masallaci, abu ɗaya ne. Wani babba ne ya kira yaro da sunansa ya damƙa masa aiki, ya kuma duba ko ya yi.

Ɗan Fadama:
Ɗan Agaji, Allah ya saka. Auta, ban raina maganarka ba. Amma bari in ba ku labarin abin da ya sa nake taurin kai a kan wannan.

Mu mutanen fadama ne. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, daga baya aka ƙara na Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejia ta canja. Da, ruwa ya zo da ƙarfi da damina ya janye da rani. Yanzu yana nan kusan kullum yana tafiya a hankali, sai kachalla ta samu wurin zama. Ciyawa ce ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake son ruwa ya bushe, inda ba a so ya malale gonaki, ga jan baki na kwana a cikinta su fito su cinye shinkafa. Garuruwa kan haɗu, wannan gari ya kama daga nan, wancan daga can, a shiga da kwalekwale da lauje da adda. Ruwa har ƙirji, matsattsaku na manne maka a cinya, ganyen na yanka hannu. Na yi wannan ina saurayi, tabon yana nan.

A ambaliyar 2022 na bar aikina na tafi gida. Abin da na gani ba zan manta ba. Ana sanarwa a lasifikar masallaci cewa jinga ta fara tsatsa a wuri kaza, sai ka ga mutane na gudu da buhu da shebur cikin dare, da tocila a baki. Ɗan kasuwa ya ba da buhuna, mata na aiko da kunu a bokiti, yara na riƙe bakin buhu manya na zuba ƙasa. Malamin makaranta, mahauci, ɗan sarki, duk laka ta mai da su kala ɗaya. Ba wanda ya tambayi hoton wa za a ɗauka.

Bakanon Asali:
Allah ya kiyaye gaba. Amma a nan ma ai cikin garin Haɗejia an yi wannan aikin, kuma Haɗejia ba ƙauye ba ce. In ruwa ya zo cin gari kowa ɗan gayya ne.

Malam Mai Ritaya:
Ɗan Fadama, ina da tambaya ɗaya, ka amsa mini tsakaninka da Allah. Su huɗun nan da suka fito, a wayar suka gani?

Ɗan Fadama:
Malam, ka sa na tsaya ina tunani. Ɗan garuwar ba ya ma cikin WhatsApp ɗin, da ya kawo ruwa ranar Alhamis na faɗa masa. Mai gadin muna gaisawa kullum in na fito sallar asuba, a nan na yi masa maganar. Mai shago ina sayen burodi na ce masa kar ya manta. Telan kuwa shagonsa na je aron shebur, ya ce in dai da shebur ɗinsa za a yi to da shi za a yi.

Malam Mai Ritaya:
Sauran gidajen fa, nawa ka yi wa sallama?

Ɗan Fadama:
Ko ɗaya.

Malam Mai Ritaya:
Samarin kan dakali, ka san sunan wani a cikinsu?

Ɗan Fadama:
Na san fuskokinsu.

Maman 'Yan Biyu:
Shekara 11! Yaya, a garinku in mutum ya kira gayya bai taka gidan kowa ba, bai kai goro ba, mutum nawa zai gani?

Bakanon Asali:
Ashe ɗan ƙauyen ne ya yi gayya irin ta 'yan birni, ɗan birnin kuma ya zo da shebur. Ni na tafi sallah.

Ɗan Fadama:
Ka ci wannan, Bakano. Amma ban janye duka ba. Har yanzu ina ganin da ban ɗauki tulun nan ina yaro ba, da ni ma "Allah ya ba da lada" zan rubuta in koma barci. Kuma mutum huɗu cikin biyar ba wasa ba ne.

Auta:
Ni ma ban janye ba. Ku yashe, amma a rubuta takarda a kai wa hukuma da sa hannun kowane gida, kuma duk wanda ya zo da mai ɗaukar hoto a miƙa masa shebur a nuna masa inda ya fi zurfi.

Direban Tifa:
Wani abu kuma, me kuka yi da ƙazantar da kuka fitar?

Ɗan Fadama:
Tana nan a bakin kwatar mun tara, muna jira ta bushe.

Direban Tifa:
Innalillahi. Ruwa ɗaya za a yi ta koma inda ta fito, kun yi aikin baban giwa. Kar a sake yashewa sai an san motar da za ta kwashe. Ka turo mini kwatancen layin ta akwatin sirri. In a hanyata yake zan biyo da la'asar bayan na sauke yashi, ku haɗa mini kuɗin mai kawai, lodi kuma naku ne.

Maman 'Yan Biyu:
Kuma don Allah kar a ce mata su dafa komai. A haɗa kuɗi a kira mai shayi.

Ɗan Fadama:
Jama'a, ina kwananku. Jiya bayan magariba na yi sallama gida tara, mai unguwa ya haɗa ni da yaronsa muka zagaya tare. Biyu ba su fito ba, ɗaya ya ce zai ba da kuɗi amma shi bayansa ba ya son sunkuyo. Wani ya tsayar da ni kusan rabin awa yana ba ni labarin rigimarsa da mai gidan hayarsa, ashe ta kan kwatar ce. Yaron da ya ce mana sannunku da aiki kuwa jikan tsohuwar nan ne mai masara. Na tambaye shi me ya hana shi shigowa ranar, ya ce shebur uku ne kuma duk da masu su, shi kuma ba wanda ya ce masa komai. Ya ce zai zo da abokansa huɗu Asabar.

Yanzu matsalar kayan aiki ce. Wa ke da baro da manjagara na aro a kusa?

Ɗan Agaji:
Ka tambayi limamin masallacinku, da wuya a rasa a ɗakin kayan makabarta. Ku nemi safar hannu da takalmin roba ko guda biyar ne, akwai fasassun kwalabe a irin kwatocin nan.

Direban Tifa:
Na ga kwatancen. Ƙarfe huɗu da rabi, in ba a yi ruwa ba. A ce wa mai jar motar nan da ke ajiyewa a bakin layin ya matsar da ita, tifa ba za ta shiga ba.